Ka Kashe Wuta, To Makullin Yana Hannun Wa?

Hirar yau ta masu gyaran injina ce a masana'antu. Ko kai ɗan koyo ne, ko kana da yaya ko ƙani da ke aiki a Sharaɗa, Bompai ko Kakuri, daure ka ji ta har ƙarshe.

Bari in fara da abin da ya faru da ni lokacin da nake koyon aikin lantarki. An kira maigidana gyaran wani injin niƙa a wata masana'anta. Muna isa aka ɗauke wuta. Na ce a raina, shi ke nan aiki ya zo da sauƙi, na miƙa hannu zan kwance waya. Sai ji na yi Oga ya doke min hannu. Ya je ya sauke birekar injin, ya ɗaura mata kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Wallahi ba a yi minti goma ba muka ji janareta ya tashi. Mai kula da shi yana can bayan gini, bai ma san akwai mutane a jikin injin ba. Da ba don kwaɗon nan ba, da yanzu wani labarin ake yi.

To me ya sa abin yake da haɗari haka? Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, ta masana'anta mai layi uku kuwa tana kai 400 zuwa 415. Abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, ana auna ta da amfiya. Ka raba amfiya ɗaya gida dubu. Kashi 10 zuwa 15 kacal sun isa su ƙanƙame tsokar hannunka ka kasa sakin waya. Daga 50 zuwa 100, in ta bi ta ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya. Ƙwan fitila mai wat 60 fa yana jan wajen 260. Ka ga ke nan wutar da ke kunna ƙwai ɗaya ta fi ƙarfin zuciyar mutum. In kuma jikinka ya jiƙe da gumi, ko kana tsaye a kan danshi, hanya ta ƙara buɗe mata.

Shi ya sa a Amurka hukumar OSHA ta mayar da tsarin kullewa da rataya alama doka a 1989. Ga yadda ake yi:

Na farko, ka gano duk inda wuta ke shigowa injin: ta layi, ta janareta, ta sola, ta inbata. Danna jan maɓallin tsayawa bai raba injin da wuta ba.

Na biyu, ka sauke bireka ka sa kwaɗonka, makulli a aljihunka. In ku huɗu ne, kwaɗo huɗu. Ba mai cire na wani.

Na uku, ka rataya kati mai sunanka da gargaɗin kada a kunna.

Na huɗu, ka tuna kafasita tana riƙe wuta bayan an kashe. Ka jira lokacin da aka rubuta a jikin na'urar, ka tabbatar ta sauke.

Na biyar, gwaji. Ka gwada mitarka a inda ka san akwai wuta, ka gwada kowane layin da za ka taɓa, ka sake gwada mitar. Testar nan mai kama da sukundireba ba ta isa ka dogara da ita ba.

Na san matsalar. Manaja na tsaye a kanka, yana cewa kaya na jira, ai gyaran minti biyu ne. Ɗan'uwa, gaggawa aikin shaiɗan. Injin ya tsaya awa guda a mayar da asara, kai kuwa iyalinka ba su da wani kai.

In kuma tsautsayi ya faɗa, wuta ta kama abokin aikinka, kada ka cafke shi, ku biyu za ta haɗa. Ka kashe wutar tukuna. In ba hali, ka ture shi da busasshen katako, kana tsaye a busasshen wuri. In babban layi ne mai dubban bolt, ko katakon kada ka gwada, ka ja da baya a kira masu kashe layin. Idan ba ya numfashi, a fara danna tsakiyar ƙirjinsa sau 100 zuwa 120 a minti. Kada a ɗura masa ruwa ko madara. Ko ya miƙe ya ce garau yake, a kai shi asibiti, domin wuta tana ƙona ciki ba a gani ba.

Gobe in za ka fita aiki, ka duba akwatin kayanka. In babu kwaɗo, ka biya kasuwa ka saya. Allah Ya tsare mu, Ya ba mu halal ɗinmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.