Kafin ka jefar da rimot: Yadda ake gano matsalarsa da kuma saita shi da dikoda

Yawancin dikodojin tauraron ɗan'adam da ake sayarwa yanzu madannai biyu ko uku ne kawai a jikinsu, wasu ma babu ko ɗaya. Saboda haka ranar da rimot ya tsaya, kallo ya tsaya ke nan, ko da jiya aka biya kuɗin wata. Abin da aka saba yi shi ne a bubbuga shi a tafin hannu, idan bai farfaɗo ba a nufi kasuwa. Sau da yawa sabon da aka sayo shi ma sai ya ƙi, domin tun farko ba a gano inda cutar take ba.

Rimot da haske yake magana. Ɗan ƙwan da ke goshinsa yana fitar da wani haske da idon mutum ba ya iya gani, yana kunnuwa yana mutuwa kimanin sau 38,000 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kowane madanni yana da nasa tsarin ƙyaftawar, kuma a farkon saƙon akwai lambar da ke nuna na'urar da ake yi wa magana. A fuskar dikoda akwai ɗan ido da ke karɓar saƙon. Ke nan wurare uku ne matsala kan iya ɓuya: jikin rimot, hanyar da hasken ke bi, ko dikodar kanta.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Ka buɗe kyamarar wayarka, ka saita goshin rimot a gabanta, ka danna kowane madanni. Idan yana da rai, za ka ga ɗan haske fari-fari ko ruwan hoda yana ƙyaftawa a allon wayar. Wasu wayoyin, musamman iPhone, kyamararsu ta baya tana tace wannan haske, don haka a gwada da ta gaba. Idan hasken ya tsaya a kunne alhali ba ka danna komai ba, to wani madanni ne ya maƙale, kuma shi kaɗai ya isa ya toshe bakin sauran.

Idan babu haske ko ya yi rauni, batir ne abin tuhuma na farko. A sauya duka biyun lokaci guda. Haɗa tsoho da sabo, wanda mutane ke ɗauka tattali ne, shi ke sa tsohon ya yi yoyo, ya bar farin gari a kan ƙarafunan da batir ke taɓawa har su ci tsatsa. Idan hakan ta faru, a goge da ɗan auduga da aka ɗiga wa ruwan lemun tsami, a bari ya bushe sarai. Wanda zai yi doguwar tafiya ya cire batiran kafin ya rufe ɗaki.

Akwai kuma rimot ɗin da wasu madannansa ke aiki, wasu sai an danna da ƙarfi, galibi na ƙara murya da na sauya tasha. Wannan ba mutuwa ba ce, datti ne. A ƙarƙashin kowane madanni na roba akwai ɗan baƙin ɗigo da ke haɗa layuka biyu a kan allon ciki. Ƙurar hunturu, gumi da maiƙon hannun da ya taɓa tuwo da miya su ne ke taruwa su raba su. A cire batir, a buɗe a hankali, a wanke robar da ruwa da sabulu, a goge allon da sifirit. Ban ga dalilin da zai sa a jefar da rimot na asali saboda aikin minti goma ba, tunda wanda za a maye gurbinsa da shi da wuya ya kai shi ƙarko.

To, idan kyamara ta nuna haske mai kyau amma dikoda ta yi shiru fa? A duba hanya. Kyallen da ake rufa wa dikoda don ƙura yana iya rufe idonta. Hasken rana da ke dukan fuskarta ta taga yana dushe saƙon, haka ma wasu ƙwayayen lantarki masu murɗaɗɗen gilashi. Ƙananan dikodojin nan da ake maƙalawa a bayan talabijin idonsu a kan wata siririyar waya yake, kuma takan zare ko ta faɗa bayan kabad. Bayan haka sai dikodar kanta: ɗaukewa da dawowar wuta na sa ta daskare, maganinsa kuwa a zare ta daga soket na minti ɗaya a mayar. Sai dai a lura, rimot ɗin wasu akwatunan Android da Bluetooth yake aiki. Shi wannan kyamara ba za ta nuna komai a kansa ba, sai an sake haɗa shi da akwatin daga wurin saituna.

Batun saitawa shi ne inda aka fi asarar kuɗi. Kamannin rimot ba sa nuna harshensa. Biyu za su zo iri ɗaya sak, launi da jerin madannai, amma lambobin da suke aikawa daban, ko da sunan kamfani ɗaya ne a jikinsu. Rimot na gama-gari, wanda ke ɗauke da harsunan na'urori da yawa, hanyoyi uku ake bi da shi. Ta farko, a danne madannin SET har ɗan fitilarsa ta kama, a shigar da lamba uku ko huɗu da takardarsa ta ware wa samfurin dikodar. Kamfani ɗaya kan sami lambobi da dama, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta biyu ita ce laluben kai-tsaye: a kunna dikoda, a sa rimot ya riƙa gwada lambobinsa, da zarar ta mutu a tsayar da shi nan take, in ba haka ba ya wuce. Kada a gamsu da kashewa da kunnawa kawai. A gwada MENU, OK da lambobin tasha, domin wata lambar rabin madannan take kamawa.

Hanya ta uku ta fi amfani ga dikodojin kyauta marasa sanannen suna, waɗanda ba a samun su a kowace takarda. Wasu rimot suna koyo: a haɗa goshinsu da na tsohon, tazarar yatsa biyu, a kwafe madannai ɗaya bayan ɗaya. Sharaɗinta shi ne tsohon yana fitar da haske, ko a aro na maƙwabci mai irin dikodar.

Abin da ya kamata a guje masa shi ne mayar da dikoda saitin masana'anta da sunan gyaran rimot. Ba ya gyara shi, kuma a dikodar kyauta yana share jerin tashoshi da bayanan tauraron da mai ɗaura dish ya shigar, sai an sake kiransa an biya. Mai zuwa sayen sabo kuma, a Sabon Gari ta Kano ne ko Alaba ta Legas, ya ɗauki hoton lambar samfurin da ke manne a ƙasan dikodar. Idan da hali ya tafi da ita kanta, a jona ta a shagon a gwada kafin ya miƙa kuɗi.