Yaushe ake kiran kan dutse dutse?

A arewa da Ingila akwai wata ƙasa mai suna Sikotlan, wadda ake kira Ekos da Faransanci. Ƙasa ce mai sanyi da ruwan sama da duwatsu masu yawa. Mutanen can suna son hawan dutse. Ba itace suke nema ba, ba kuma farauta suke zuwa ba. Hawan ne kawai yake yi musu daɗi.

A shekarar 1891 wani mutum mai suna Hugh Munro ya rubuta sunayen duwatsun ƙasar waɗanda tsawonsu ya kai ƙafa 3.000. Ƙafa ma'auni ne na Ingilishi. Ƙafa 3.000 daidai take da mita 914 da santimita 40. Daga saman ruwan teku ake fara awon, ba daga gindin dutsen ba.

Amma awon tsawo kaɗai bai raba gardama ba. Dutse ɗaya yana iya samun kawuna da yawa, kamar yadda hannu ɗaya yake da yatsu biyar. To, kowane kai za a ƙirga shi dutse guda? Munro ya kasa su kashi biyu: duwatsu 283 masu zaman kansu, da kawuna 255 da ke jingine da su. Sai dai bai kafa wata doka ta rabawa ba. Da idonsa da sanin ƙasarsa ya yi aiki, shi ya sa aka yi ta yi wa jerin nasa gyara bayan mutuwarsa a 1919.

Wani mai hawan dutse, John Corbett, ya fi shi tsari. Ya tattara duwatsun da ke tsakanin ƙafa 2.500 da 3.000, ya kuma ƙara awo na biyu, wato awon gangara. Ga yadda ake yinsa. Mutum yana tsaye bisa kan dutse, yana son zuwa wani kai da ya fi nasa tsawo. Dole ya gangara tukuna kafin ya sake hawa. Sai a duba hanyar da gangararta ta fi kaɗan, a auna ta. In ta kai ƙafa 500, wato kamar mita 152, wannan kai dutse ne mai zaman kansa. In ba ta kai ba, kafaɗar babban dutsen ce kawai.

A 1992 Alan Dawson ya yi nasa jerin, ya ajiye zancen tsawo gefe guda. Gangarar mita 150 kaɗai ya nema. Ta haka ƙaramin tudu da ke tsaye shi kaɗai ya shiga, dogon kai da ke manne da yayansa kuwa ya rasa wuri.

Masu hawa ba su ɗauki wannan lissafi da wasa ba, domin wasu sukan yi shekaru suna bin duwatsun Munro ɗaya bayan ɗaya har su gama. A 2011 aka sake auna wani dutse mai suna Beinn a' Chlaidheimh da na'urori na zamani, aka tarar ya gaza ƙafa 3.000. Abin da ya rage masa bai kai rabin mita ba. A 2012 aka fitar da shi, aka mai da shi cikin jerin Corbett, duwatsun Munro suka koma 282.