Kafin a yi filasta: yadda za a tsara hasken sabon gida a Birnin Gwari

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, bayan ta shafe shekaru a rufe saboda rashin tsaro. Duk inda kara ta ci, kuɗi suka fara zagayawa a hannun manomi da ɗan kasuwa, abin da ke biyo baya shi ne gini. Wanda ya bar kango zai koma ya rufa, wanda gidansa ya zube zai tayar, mai fili kuma ya sa a fara buga masa bulo.

Sai dai in ka duba lissafin mai gini, za ka ga siminti da rodi da kwano da katako da kuɗin birkila, amma da wuya ka ga inda aka zauna aka tsara haske. Sai an gama filasta an shafa fenti ake kiran mai wayarin, ya rataya ƙwai ɗaya a tsakiyar kowane ɗaki, ya karɓi kuɗinsa. Daga nan iyali za su yi shekaru suna girki a inuwar kansu, yara suna karatu suna matse ido. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Ana tsara hasken gida ne tun bango yana tsirara, lokacin da sa bututun waya bai wuce tsaga bulo kaɗan ba.

Rana ce fitilar farko

Birnin Gwari tana samun hasken rana na kusan awa 12 kullum, rani da damina, kuma kyauta. Duk da haka akwai sababbin gidajen da sai an kunna ƙwai da tsakar rana kafin a ga allura, saboda an yi taga ɗaya 'yar ƙarama, ita ma tana fuskantar katangar maƙwabci.

A ƙasarmu tagar da ke kallon arewa ko kudu ta fi daɗin zama, domin tana shigo da haske ba tare da rana ta faɗo cikin ɗaki kai tsaye ba. Ta yamma kuwa, daga azahar zuwa la'asar sakaliya wuta take zubawa, sai an yi mata rumfa ko an sauko da bakin kwano. Inda ake gudun babbar taga saboda sutura ko tsaro, sai a yi doguwa siririya can sama kusa da silin, a sa mata ƙarfe da raga. Haske zai shigo, idon mai wucewa ba zai shigo ba.

Fenti ma yana da nasa aikin. Farin bango yana maido da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, bango mai duhu kuwa shanye mafi yawansa yake yi. Ɗakin da aka shafe da ruwan ƙasa mai duhu zai ci ƙwai biyu a inda ɗaya ya wadatar. Ko wane launi aka zaɓa wa bango, a bar silin fari.

Lumen ake saye, ba wat ba

Mun saba shiga shago mu ce a ba mu ƙwai mai wat 60 ko 100. Wat ma'aunin wutar da ƙwai ke ci ne. Hasken da yake bayarwa da lumen ake auna shi, kuma a jikin kwali ake rubuta shi. Tsohon ƙwai mai zare na wat 60 yana ba da kimanin lumen 800, sauran ƙarfinsa duk a zafi yake tafiya. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da wannan hasken. Wannan ci gaba ya samo asali ne daga aikin masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, waɗanda suka ƙirƙiro shuɗin LED, aka ba su kyautar Nobel a 2014.

Lissafin ɗaki ba shi da wuya. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi ya kai kusan murabba'in mita 13. Don zama da hira, kowane murabba'in mita yana son lumen kamar 150, wato kusan 2,000 ke nan gaba ɗaya. Tunda bango da labule za su sha wani abu, ƙwai uku masu lumen 800 sun yi daidai. Wurin karatu da ɗinki da yanke-yanken girki yana son ninki biyu zuwa uku na wannan, amma a daidai wurin aikin kawai. Haka ma idon dattijo ya fi na saurayi buƙatar haske nesa ba kusa ba, don haka ɗakin tsoho, musamman inda yake zama da Alƙur'aninsa, a ƙara masa.

Akwai kuma launin haske, wanda ake rubutawa da lamba da harafin K. Mai 2700K zuwa 3000K ja-ja ne mai taushi. Mai 4000K fari ne tsaka-tsaki. Mai 6500K shi ne farin nan fat mai ratsin shuɗi da ya cika kasuwa. Farin haske mai ƙarfi da daddare yana jinkirta sinadarin melatonin da ke shirya jiki ga barci, shi ya sa bai dace da ɗakin kwana ba. A sa mai taushi a uwar ɗaka, a kai fari kicin da wurin aiki.

Kowane wuri da aikinsa

Kafin mai wayarin ya ɗauki guduma, maigida ya zagaya kangon da gawayi a hannu, tare da uwargida. Ita ta san inda za a ajiye murhu ko risho, inda za ta zauna tsintar shinkafa, inda gado zai tsaya, da ɓangaren da ƙofa za ta buɗe. Duk inda aka yi shawara, a yi alama a bango.

A kicin, ƙwai ɗaya a tsakiyar silin yana bayan mai girki, don haka inuwarta ce ke faɗawa cikin tukunya. A ƙara wani a bango, sama da wurin yanka da murhu. Idan a tsakar gida ake girki, rumfar tana son nata ƙwan, a ɗan nesa da hayaƙi don kada ya yi baƙi.

A falo, kada a ɗora ƙwai sama da fuka-fukan fanka. Fanka na juyawa, haske na yankewa, ɗaki ya riƙa walƙiya har kan mutum ya yi ciwo. A matsar da ƙwan gefe ko a kai shi bango. Masu silin POP su ma su yi hattara da jera ƙananan fitilu ashirin a kan makunni ɗaya. A raba su gida biyu ko uku, ta yadda daren da babu baƙi za a kunna kaɗan.

A ɗakin kwana, makunni biyu ga ƙwai ɗaya, ɗaya a bakin ƙofa ɗaya a kan gado, yana hutar da mai jego da mara lafiya. Zaure ma haka, ɗaya daga ƙofar waje, ɗaya daga ta cikin gida. A banɗaki kuwa, makunni a waje yake zama, ƙwan kuma a sa masa murfin da ruwa ba ya shiga.

Gidan da ke maƙwabtaka da daji

Birnin Gwari a bakin daji take. Gandun Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka mayar da shi gandun ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,000, ga kuma gonaki da fadamu kewaye da garuruwa irin su Kuyello da Dogon Dawa da Randagi. Wanda ya kwana a yankin da farkon damina ya san yadda ƙwari ke yi wa farin ƙwai dafifi, da safe a share fuka-fukai cike da faranti. Yawancin ƙwarin dare sun fi bin haske mai ratsin shuɗi. Ƙwai mai ja-ja ba ya janyo su sosai. Saboda haka fitilar waje ta zama mai taushi, kuma kada a kafa ta daidai kan ƙofar ɗaki ko taga. A matsar da ita can gefe, ƙwarin su taru nesa da inda ake shiga.

Hanyar da ta tashi daga ɗaki zuwa banɗaki da randa tana son ɗan haske ƙasa-ƙasa duk dare, saboda kunama da maciji. Ƙwai mai wat 3 ya isa. Fitilar ƙofar gida kuma a sunkuyar da ita tana kallon ƙasa da waje. Wadda ke haska fuskar na ciki tana kashe masa ido, ta bar wanda ke tsaye a duhu yana ganinsa sarai.

A tsara don ranar da babu wuta

A watan Oktoban 2024, bayan lalata layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da ta samu layin da ke taimaka masa, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda a duhu. Wannan ya isa darasi ga duk mai gini: gidan da haskensa ya rataya ga wutar Nepa kaɗai bai gama shiri ba.

Ko babu kuɗin sola yanzu, a sa mai wayarin ya ware layin fitilu daban da na soket, ya kuma bar bututu daga rufi zuwa inda batir zai zauna. Ranar da hali ya samu, sai haɗawa kawai. Ga lissafin da ke nuna amfanin haka. Ƙwai goma masu wat 9, in sun yi awa 5 a kunne, sun ci wat-awa 450. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da kimanin 1,200, kuma irin na ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, wato 600. Ke nan batir ɗaya zai riƙe hasken gida duka. Da tsofaffin ƙwai masu wat 60 ne, 3,000 za su ci, aikin batir biyar. A lokacin hunturu kuma a riƙa goge farantin sola da ƙwan fitila, domin ƙura tana rage ƙarfinsu.

Wajen waya kada a yi ƙwauro. Layin fitila yana son waya mai kauri 1.5mm², na soket 2.5mm², ta jan ƙarfe tsantsa, a cikin bututu, da wayar ƙasa da na'urar da ke katse wuta in an samu matsala. Araha ba ta ado: siririyar waya tana zafi a cikin silin inda ba mai gani, kuma daga nan gobara ke tashi. Ƙwan da kwalinsa bai nuna lumen ba, a bar shi a shago. Mai janareto kuma ya ajiye shi a fili, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba.

Kira ga masu gini a Birnin Gwari da kewaye shi ne, kada ku bari a kwaɓa simintin filasta sai kun zauna da iyali da ƙwararren mai wayarin, kun san inda kowane ƙwai da kowane makunni zai zauna. Zaman yini ɗaya ne, kuma ya fi fasa bango arha.