Iyaka Mai Tafiya: Lissafin Daskarewar Ruwa

Idan Bahaushe ya ji kalmar "iyaka", abin da yake kawowa a ransa shi ne abu tsayayye, kamar iyakar gona ko iyakar ƙasa. Amma akwai wata irin iyaka da masana kimiyya suke nazari, wadda ba ta zama wuri ɗaya. A wannan darasi za mu duba misali guda, wato iyakar da ke tsakanin ruwa da ƙanƙara.

Mu ɗauki tafki a ƙasa mai tsananin sanyi. Ruwa yakan daskare idan sanyi ya kai digiri 0 a ma'aunin Salshiyas. Saman tafkin ne yake fara daskarewa, domin shi iska take bugawa. Daga nan sai ƙanƙara ta yi ta cin ruwan, tana yin ƙasa. Inda su biyun suka haɗu, nan ne iyaka, kuma kullum gusawa take yi.

Ga inda wahalar take. Kafin mai lissafi ya san inda iyakar za ta kai gobe, sai ya san yadda zafi yake ratsa ƙanƙarar. Kafin kuma ya san wannan, sai ya san inda iyakar take. Kowanne ya dogara da ɗan'uwansa, dole a warware su tare.

A shekarar 1831 wasu Faransawa biyu, Lamé da Clapeyron, suka yi nazarin yadda narkakken dunƙule yake yin ɓawo idan yana hucewa. A 1889 kuma Josef Stefan, malami a Jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya, ya gwada lissafinsa da kaurin ƙanƙarar da matafiya suka auna a tekun ƙuryar arewacin duniya. Shi ya sa har yau ake kiran irin wannan matsala da sunansa.

Me lissafin ya nuna? Kafin kilo ɗaya na ruwa ya daskare, sai ya fitar da zafi mai yawa, kimanin wanda zai ɗaga shi daga digiri 0 zuwa 80. Wannan zafi ba shi da mafita sai ta cikin ƙanƙarar da ke sama. Ke nan ƙanƙara ta zama bargo: gwargwadon kaurinta, gwargwadon jinkirin daskarewar. Idan sanyin bai canja ba, ƙanƙarar da ta yi kaurin santimita 10 a kwana ɗaya ba za ta kai 20 ba sai a kwana 4, ba za ta kai 30 ba sai a kwana 9. Wanda ya taɓa ciro ƙullin ruwa daga firji ya tarar bayansa ya sandare amma cikinsa ruwa ne, ya ga wannan da idonsa.

Wannan lissafi ba na aji kaɗai ba ne. A arewacin Kanada manyan motoci suna bi ta kan daskararrun tafkuna, kuma ran direba ya rataya ne a kan kaurin ƙanƙarar. Haka nan a masana'antar ƙarfe: idan aka yanka zubin ƙarfe cikinsa bai gama sandarewa ba, narkakken ƙarfe zai kwararo, a yi asara, wataƙila har da rauni.

Ɗalibi ya lura da kalmomin nan: ruwa yana daskarewa, ƙanƙara tana narkewa, iyaka kuwa tana gusawa.