Ilmin Zanen Siffofi A Kwamfuta: Abin Da Masu Jari Za Su Karu Da Shi A Jos

JOS – Duk wanda ya bi hanyar Bukur zuwa Barikin Ladi zai ga kududdufai da tuddan ƙasa waɗanda haƙar kuza ta bari tun daga farkon ƙarni na 20. Bayan da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoba na 1985, filaye da dama sun koma hannun manoma da magina. Tambayar da ke gaban mai zuba jari ita ce: nawa zai kashe kafin irin wannan fili ya ginu?

Amsar tana cikin wani fannin bincike na jami'o'i, wato ilmin ƙera siffofi a kwamfuta ta hanyar lissafi. A 1963 ne Ivan Sutherland, ɗalibi a cibiyar MIT ta Amurka, ya fito da manhajar Sketchpad wadda ta ba mutum damar yin zane kai tsaye a fuskar na'ura. A shekarun 1960 kuma, injiniya Pierre Bézier na kamfanin Renault a Faransa ya yi amfani da lissafin lanƙwasa wajen tsara jikin mota.

Irin wannan lissafi ne ake auna ƙasa da shi. Ma'aikacin safiyo yakan ɗauki wurare masu yawa a fili, kowanne da lambobi uku: biyu na matsayinsa, ɗaya na bisansa. Kwamfuta sai ta haɗa su da ƙananan alwatika har siffar filin ta bayyana, da kwarinta da tudunta. Daga nan ake ƙididdige yawan ƙasar da za ta cike rami, da inda ruwan damina zai bi.

Jos ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A nan ne hedkwatar Cibiyar Nazarin Ƙasa Daga Sararin Samaniya take, ƙarƙashin hukumar NASRDA da aka kafa a 1999. Nijeriya ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a 2003, sannan NigeriaSat-2 a 2011. Kazalika, a 2014 Amurka ta saki bayanan bisan ƙasa na Afirka kyauta, a ma'aunin mita 30.

Sai dai akwai iyaka. Ma'aunin mita 30 ya yi faɗi ga ƙaramin fuloti, kuma hoton sama ba ya nuna ramukan ƙarƙashin ƙasa ko zurfin kududdufi. Dole a haɗa da awon safiyo da gwajin ƙasa.

Saboda haka, ɗan kwangilar da ya nemi wannan awo kafin ya yanka farashi zai san adadin tifar da zai biya. Wanda ya dogara ga ƙiyasin ido kuwa, sai ƙasa ta cinye ribarsa kafin a aza harsashi.