San-Malo: garin da fashin teku ya zama sana'ar attajirai

A bakin teku, arewa maso yammacin Faransa, akwai wani gari mai ganuwar dutse, San-Malo. Baƙo yakan hau ganuwar ya kewaye tsohon garin da ƙafa, yana hangen tashar jiragen ruwa da manyan gidajen attajiran da. A nan aka kafa gunkin Robar Surkuf, ya miƙa hannu yana nuna wajen Ingila.

Mutanen garin ba su yarda a ce masa ɗan fashi ba, korsar suke ce masa. Bambancin kuwa takarda ce. Idan yaƙi ya ɓarke, hukuma takan ba mai jirgi izinin kama jiragen fataken ƙasar da ake gaba da ita. Mai takarda in an kama shi fursunan yaƙi ne, marar takarda kuwa rataya ce tasa.

Harkar kamar kowace fatauci take. Attajirai su haɗa jari, su sayi jirgi da bindigogi, su ɗauki matuƙa. In an kamo jirgi, kotu ta duba ta halatta, a yi gwanjon kaya, a fidda kason hukuma, masu jari da matuƙa su raba saura. A kasuwarmu, ɓarayin zaune za a kira su.

A 1711, Rene Dugai-Turwan, ɗan garin, ya ci birnin Riyo na Barazil, sai da aka fanshi birnin da kuɗi, sukari da shanu. A 1800 Surkuf ya kama Kent, babban jirgin kamfanin Ingilishi, a tekun Indiya. Shi wannan Surkuf har cinikin bayi ya taɓa. Sai a 1856, a Paris, manyan ƙasashen Turai suka sa hannu a kan haramta bayar da irin wannan takarda.

Takarda ta ƙare, fashi bai ƙare ba. A 2020 an sace ma'aikatan jirgi 130 a mashigin tekun Gine, hanyar da kwantenonin ƴan kasuwar Nijar ke biyowa, ko da yake abin ya ragu daga baya. Duk sa'ad da teku ta rikice, kuɗin inshora da na dako sukan hau, ƙarin kuma a kan buhun shinkafa da turmin atamfa yake sauka a kasuwar Maraɗi ko Damagaram. Da takarda ko babu, mai kaya da mai saye ne ke biya.