Uwa Mai Son Komawa Karatu: Ina Hakkinta Yake Bayan Hutun Haihuwa?

A Jiratawa, kamar a Tibiri da birnin Maraɗi, akwai mata ma'aikata masu niyyar ƙaro ilimi da zarar sun gama wankan jego. Wasu na hangen makarantar horon malamai ta Bawa Jan Gwarzo, wasu kuma jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo wadda aka kafa a shekara ta 2010. Abin da ke damunsu ɗaya ne: in mace ta bar wurin aiki ta koma aji, za a ci gaba da biyanta kuɗin ɗiya?

Dokar aiki ta 2012 ta ba mace mai albashi hutun sati 14, takwas daga cikinsu bayan haihuwa, kuma ba a korarta a wannan lokaci. Asusun kula da ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, wanda aka kafa a 1965, yana biyanta rabin albashinta har hutun ya ƙare. In ta koma, tana da awa guda kullum domin shayarwa, har jinjiri ya cika wata 12.

Amma kuɗin ɗiya suna rataye ne a kan aiki. Sai wanda ya yi wata 6 a jere yana aikin albashi, kwana 18 ko awa 120 a kowane wata, shi ake ba. Asusun yana duba karatun yaro: yana biya har shekara 14, har 18 in yaron na koyon sana'a, har 21 in yana makaranta. Karatun uwa kuwa ba ya cikin lissafi. Saboda haka wadda ta ajiye aiki ta tafi jami'a ta yanke igiyar hakkinta da hannunta, sai fa in maigidanta ma'aikaci ne mai rajista, a biya da sunansa.

Ma'aikaciyar gwamnati hanyarta dabam ce, domin baitulmali ke biyanta. In ma'aikatarta ce ta tura ta sitaj da takarda, tana nan a matsayin mai aiki. In ita ta nemi a sallame ta na ɗan lokaci don ta yi karatun kanta, albashi ya tsaya.

Galibin matan Jiratawa ba su da albashi. Rayuwarsu tana cikin gandun noman rani mai fiye da eka 500, inda zogalen garin ya yi suna. Su ba su da rajista a asusun, amma tun 2006 gwamnati ta yafe kuɗin awon ciki da na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a likitocinta, kuma wannan bai dogara da aiki ko karatu ba. Dokar da aka sa wa hannu a watan Disamba na 2017 kuma ta umarci a kare ƴa mace a tallafa mata har ta kammala makaranta.

Don haka ya kamata kowace uwa, kafin ta sa hannu a takardar barin aiki, ta je ofishin asusun a Maraɗi da takardun haihuwar ɗiyanta, ta nemi a bayyana mata matsayinta. Shugabannin ma'aikatu su ma su sauƙaƙa wa mata hanyar sitaj, domin malama ko ungozomar da ta ƙaro ilimi, talakawan karkara ne za su fara cin moriyarta.